Jan Layin da Ya Ratsa Zauren Baba

Takarda guda ce ta tayar da maganar, an buga ta da launi a wani shagon kwamfuta. Hoton tauraron ɗan'adam ne na wata unguwa a yammacin birnin Katsina, ba nisa da Ƙofar 'Yanɗaka, an shata jan layi a kansa daga arewa zuwa kudu, an rubuta a ƙasa cewa ta nan ganuwa ta bi. Layin ya shiga ta zauren wani dattijo, ya raba tsakar gidansa biyu, ya fita ta ɗakin uwargida. Kafin mako ya zagayo hoton ya gama wayoyin unguwa, har yara sun fara kiran gidan da gidan kan ganuwa.

Wanda ya haɗa hoton wani saurayi ne mai kishin tarihin garinsu, kuma ba da mugun nufi ya yi ba. Yana cikin matasan da ke baƙin cikin yadda ganuwar da tarihi ke danganta ƙarasa ta ga Sarki Ali Murabus ke ƙarewa a hannun masu ɗibar ƙasa da masu yanka fuloti. Ya samu fotokwafin wani tsohon zanen safiyo na yankin, ya ɗora shi a kan hoton sama, abin da ya gani ya buga. Ni kuwa babban ɗan dattijon ne ya jawo ni cikin lamarin. Ajinmu ɗaya a sakandare, ya san aikin awon ƙasa nake yi.

Da na je gaida Baba, a bakin zauren na same shi da takardar a hannu. Ya ce, "Ɗana, ni dai ban san na'urarku ba. Amma muna yara daga nan muke sheƙawa a guje mu hau ganuwa, kuma sai mun yi haki kafin mu kai. To yaushe ta taso ta shigo mani ɗaki?" Na ce, "Baba, a ba ni kwana kaɗan." Kwana kaɗan ɗin nan sai da ya zama mako shida.

Zanen na ma'aunin 1:2,500 ne, wato santimita ɗaya a takarda mita 25 ce a ƙasa. Babu abubuwa da yawa a cikinsa: ganuwa, hanyar ƙafa, gonaki, rijiya, gefen maƙabarta, kwalbati biyu, sai wasu turakun safiyo. A gefensa akwai lambobin wuri na tsarin UTM, mai raba duniya yanki-yanki yana ba kowane wuri lamba da mitoci, yanki na 32, wanda Katsina ke ciki. Saurayin ya karanta waɗannan lambobi daidai, ya shigar da su cikin manhaja daidai. Abin da bai lura da shi ba wata kalma ce a kusurwar ƙasa da fotokwafi ya kusa cinyewa: Minna.

Lambobin wuri ba daga sama suke faɗowa ba. Kowane tsari yana da siffar duniya ta lissafi da ya ɗauka, da kuma inda ya kafa ta. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an gina su ne a kan tushen awo na Minna, wanda ya dogara da siffar Clarke ta 1880 da wani turke da ke Minna. GPS da Google Earth kuwa da wani tushen awo daban mai suna WGS84 suke aiki. Wuri ɗaya ne a ƙasa, amma lambobinsa biyu. A wajajen Katsina, in mutum ya ɗauki lambobin UTM na Minna ya ba kwamfuta a matsayin na WGS84, duk zanen zai zame kimanin mita 80 zuwa gabas, da kusan mita 120 zuwa kudu.

Abin da ya ɓoye kuskuren shi ne kwanciyar ganuwar kanta. A wannan yanki daga arewa zuwa kudu ta miƙe, don haka zamewar mita 120 zuwa kudu ba ta nuna komai ba, layin ya bi tsawon kansa ne kawai, kamar a ja igiya ta tsawonta. Zamewar gabas ce ta yi ɓarna. A yammacin birni gabas na nufin cikin gari, sai layin ya bar inda yake ya faɗa kan gidajen mutane. Da a gabashin birni ne, wajen Ƙofar Marusa, da bayan gari zai fita, wasu daban ne za su kwana da fargaba. Gonakin da ke zanen kuma duk sun zama gidaje, babu titi ko kwana da zai sa ido ya ce wani abu bai zauna ba.

Gyara wannan bai ɗauki minti goma ba a QGIS, manhajar aikin taswira. Na gaya wa manhajar gaskiyar tushen zanen, layin ya yi tsalle ya koma yamma, ya bar gidan Baba da tazara mai yawa. Abokina, ɗan Baba, ya ce a buga a kai wa mai unguwa yau-yau. Na ƙi, domin an gudu ne ba a tsira ba. Sabon layin ya sauka a bakin wani lungu mai jerin shaguna, kuma a nan mita uku ma magana ce. Lissafin sauya tushe da manhajoji ke amfani da shi na ƙasa baki ɗaya ne, yakan bar saura na 'yan mitoci. Takardar ta sha ninki, ta sha fotokwafi a kan fotokwafi, kuma injin fotokwafi yakan ja takarda ta gefe ɗaya fiye da ɗayan. Shi kansa hoton saman ba alƙali ba ne. Duk mai shakka ya buɗe tsofaffin hotunan wuri ɗaya a Google Earth ya bi su shekara-shekara, zai ga gini yana matsawa nan da can alhali ko bulo ɗaya ba a taɓa ba.

Akwai kuma jirkicewar dogayen abubuwa. Tauraro ba kasafai yake ɗaukar hoto daga tsakar ka ba, yakan leƙo ne a karkace. Hasumiyar Gobarau tsawonta ya kai kimanin mita 15. In an ɗauke ta da karkatar digiri 20, ƙololuwarta za ta bayyana fiye da mita biyar daga gindinta. Wanda ya dogara da kan gini ya auna ƙasa ya shigo da wannan kuskure da hannunsa. Gindi ake nema, inda bango ya taɓa ƙasa, shi kuma sau da yawa inuwa ta rufe shi.

Sai aka koma ga aikin da babu gajeriyar hanya a cikinsa, wato neman wuraren da ke cikin zanen, suke cikin hoton, kuma har yau suna nan a ƙasa ba su gusa ba. Ni turaku nake kiransu, don aikinsu ke nan. Akuyar da aka ɗaure a turke ɗaya tana iya kewaya shi. Zane ma haka: turke ɗaya ya hana shi tafiya amma bai hana shi juyawa ba, biyu su tsayar da juyawa da girma, uku su ba da damar gyara jan da takarda ta yi ta gefe guda. A aikace ba a tsayawa a uku, ana neman ninkin haka, a warwatse ko'ina cikin zanen.

A birni irin Katsina samun su ya fi faɗa wuya. Ƙofar gari ita ce farkon abin da kowa zai nuna, amma ƙofofin an sake gina yawancinsu, an faɗaɗa domin mota, ba a san ko tsakiyar ta yau ita ce ta jiya ba. Mahaɗar hanya takan matsa duk lokacin da aka zuba kwalta. Bishiyar kuka tana daɗewa, sai dai daga sama rassa ake gani, gindin yana wani wuri a ƙarƙashinsu. Gidan ƙasa kuwa kusurwarsa tana ƙiba da kowane yaɓe, tana ramewa da kowace damina. Daga cikin turakun safiyo na siminti da zanen ya nuna, biyu muka tarar. Ɗaya yana nan daram a gindin wani bango. Ɗayan mun same shi a ƙofar wani gida an mai da shi abin zama, kuma mai gidan ya faɗa mana da bakinsa cewa daga can gaba ya ɗauko shi.

Da kyar muka tara goma sha ɗaya: turken simintin nan, bakunan kwalbatoci, kusurwoyin maƙabarta, rijiya, da gindin wata tsamiya da zanen ya yi wa alama. Kowanne muka auna shi da GPS na safiyo mai na'ura biyu, ɗaya a kafe ɗaya a hannu, wanda ke kai wa ga 'yan santimitoci. GPS na waya yakan kauce da mita uku zuwa biyar ko fiye, wato daidai girman abin da ake gardama a kai, don haka ba shi da amfani a nan. Bakwai muka ba manhaja ta daidaita zanen da su. Huɗu muka ɓoye mata, muka ajiye su a matsayin shaidu, don mu ga inda za ta jefa su ba tare da ta san amsar ba.

A nan ne muka yi gardama da saurayin, wanda zuwa lokacin ya zama ɗan hannuna a aikin, kuma na yaba masa da bai yi zuciya ba. Ya gano cewa akwai wani zaɓi a manhajar da ke lanƙwasa zane kamar roba har kowane turke ya hau wurinsa cif. Ya kira ni da murna: "Yaya, zo ka gani, kuskure sifili!" Sifilin nan na dole ne. Hanyar an gina ta ne don ta bi ta kan kowane turke ko da turken ƙarya ne, sai ta tura karkacewar zuwa tsakanin turaku inda ba mai dubawa. Na ce ya kunna shaidun nan huɗu. Ɗaya ya faɗi nesa da wurinsa, ganuwar kuma ta yi wani ciki a daidai inda zanen asali ya nuna ta miƙe sambal. Muka koma hanya mai sauƙi, wadda ke matsarwa, ta juya, ta ja ta gefe biyu, amma ba ta lanƙwasa miƙaƙƙen layi. Ita ba ta ɓoye saura, kuma saurar ce ta tona mana asirin rijiya.

Duk turakun sun zauna cikin mita ɗaya zuwa biyu, ban da rijiyar, wadda ta kauce da fiye da mita goma. Mun sake awo, mun sake duba lambobi, ba abin da ya canza. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a lungun ce ta warware mana. Ta ga muna ta kewaya rijiyar da sanda mai faifai a ka, ta ce, "Ku 'yan nan mi kuke nema?" Da muka gaya mata sai ta yi dariya. Ta ce wannan ai sabuwa ce, tsohuwar ta rufta tun tana amarya, aka cike ta, tana ƙarƙashin wancan ɗakin. Muka cire rijiyar daga lissafi, sauran suka ƙara zama. Hanyar roba da ta haɗiye wannan kuskure ta yi shiru.

Mai karatu zai iya tambaya ko kwamfuta ba za ta iya nemo turakun da kanta ba. Tsakanin hoto da hoto tana iyawa. Dabarar SIFT da David Lowe ya fitar a 1999 tana tsinto dubban ɗigogi masu kama da juna a hotuna biyu, dabarar RANSAC ta 1981 kuma ta tace na ƙarya. Amma zanen safiyo layi ne baƙi a farar takarda, ba shi da hasken rufin kwano ko inuwar bishiya da za a kwatanta. Ko da manhaja ta ga da'ira a zane ta ga rijiya a hoto, ba ta da hanyar sanin abin da mai ƙuli-ƙuli ta sani.

Don kada mu rataya komai a wuyan takarda ɗaya, na nemo shaida ta biyu daga wani wuri da mutane da yawa ba su san da shi ba. Daga 1960 zuwa 1972 Amurka ta yi ta ɗaukar hotunan duniya a asirce da taurarin leƙen asiri na shirin Corona, aka saki hotunan ga jama'a a 1995. Mafi kyawunsu ɗigo ɗaya yana ɗaukar kusan mita biyu na ƙasa. Ba su kai na yau ba, tunda tauraron WorldView-3 da aka harba a 2014 yana kai wa santimita 31, amma sun fi su da abu ɗaya: sun ga garuruwanmu kafin gini ya cinye su. A wanda muka samu ganuwar ta fito baƙin zare mai inuwa a gefe. Kyamarar Corona shara take yi daga gefe zuwa gefe a kan dogon fim, saboda haka ma'auni yana canzawa daga tsakiya zuwa baki, ba a daidaita fim ɗin gaba ɗaya da turaku kaɗan. Ɗan yankin unguwar kawai muka yanko muka ɗaure shi da kwalbatoci da maƙabarta. Zaren ya kwanta kusa da layin zanen, har da wata 'yar kwana da dukansu biyu suka nuna a wuri guda.

Saura tambayar da ta fi ba ni wahala, wadda ban taɓa tunaninta ba sai da na tsaya a gaban abin. Layin da mai zane ya ja, wane ɓangare na ganuwa yake nufi? Ganuwa ba bangon bulo ba ce. Tudu ce mai faɗin gindi da ke tsukewa zuwa sama. Ko gindin waje ya auna, ko na ciki, ko tsakiya, zanen bai faɗa ba. Kaurin alƙalaminsa kaɗai, rabin milimita, ya haura mita ɗaya a ƙasa.

Akwai wani kututturen ganuwar da ya rage a arewacin lungun, tsawonsa bai fi taku ashirin ba, awaki na hawa. Shi muka auna da hoto. Jirgi maras matuƙi zai fi sauri, amma tashinsa na buƙatar izinin hukumar jiragen sama da na jami'an tsaro, kuma a halin da jihar ke ciki ba abin da mutum zai yi wasa da shi ba ne. Kyamara muka ɗauka da doguwar gora. Muka kafa alamu masu baƙi da fari a jikinsa da kewayensa, muka auna su da GPS, sa'annan muka zagaye shi muna ɗauka, kowane hoto yana rufe fiye da rabin na bayansa, yadda kowane wuri zai fito a hotuna uku ko fiye. Da sassafe muka yi, kafin rana ta yanka inuwa mai kaifi. Jar ƙasa mai tsaguwa da ramuka tana yi wa manhaja daɗi, ta fi bangon siminti mai sulɓi da farin fenti sauƙin kamawa nesa ba kusa ba. Wannan sana'a ta auna gini daga hoto ta girmi tauraron ɗan'adam da kusan shekara ɗari: Bajamushe Albrecht Meydenbauer ya fara tunaninta a 1858 bayan ya kusa faɗowa daga wata majami'a da yake aunawa da hannu.

Da manhaja ta haɗa hotunan, siffar kututturen ta fito, muka yanka ta a kwamfuta kamar an yanka burodi, sai ga abin da kowane magini ya sani. Gefen gabas ya fi cinyewa, domin hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, shi ya sa masu ginin ƙasa ke fi kula da bangon gabas wajen yaɓe da makuba. Ƙololuwar tudun ta yau ta karkata yamma, ba ta kan tsakiyar gindin. Ƙasar da ta zube kuma ta baje ta rufe gindin asali. Ke nan abin da tauraro ke gani a matsayin ganuwa, wato layin haske da inuwa a sama, ba shi ne abin da safiyo ya auna da tef a ƙasa ba. Da muka ɗora layin zanen a kan siffar, ya fi kusa da gindin waje, amma kututture ɗaya bai isa a yanke hukunci a kan sauran tsawon ba.

Baba ya kawo tasa gudummawar, wani tsohon hoto na ranar Sallah, shi da ƙannensa a ƙofar zaure, ganuwa na hange can baya ta saman katanga. Na so ƙwarai in yi awo da shi. Da fuskar zauren na nan yadda take, kusurwoyi huɗu sun isa a miƙe hoton ya hau kan zanen fuskar gini, daga nan a lissafo inda mai hoto ya tsaya. Amma dabarar kusurwa huɗu tana aiki ne a kan shafaffen bango, bangon ƙasa kuwa yana da ciki yana kuma jingina baya. Ga shi an rushe zauren an sake shi da bulo, zankwayen sun tafi, ƙofar ta ƙara faɗi. Babu wuri ɗaya a hoton da zan ɗora yatsa in ce yana nan har yau. Na saka shi a rahoto a matsayin abin da ke goyon bayan maganar Baba, ban ciro lamba ko ɗaya daga cikinsa ba.

Abin da muka kai zauren mai unguwa ba layi ba ne. Ɗamara ce mai faɗi, wadda ta haɗa kaurin gindin ganuwa da saurar kuskuren da shaidunmu suka nuna ta kowane gefe. A ƙasan takardar muka rubuta tushen awo, da yankin UTM, da ranar da aka ɗauki hoton saman, da jerin turaku, har da rijiyar da muka cire da dalilin cire ta. Gidan Baba yana can gabas, tsakaninsa da ɗamarar akwai gidaje biyu da lungu. Saurayin ya tashi a gaban mutane ya ce, "Baba, a gafarce ni, ni na yi kuskure." Baba ya ce Allah shi yafe mu gaba ɗaya.

Sai mai unguwa ya sa tabarau ya bi ɗamarar da yatsa, ya tsaya a jerin shagunan bakin lungu. Uku daga ciki bayansu ya shiga gefenta na ciki. Na tsakiyar na abokina ne, ɗan Baba, wanda ya kawo ni aikin. Ya dube ni, na dubi takarda. Mai unguwa ya ce, "To Malam safiyo, waɗannan a kai suke ko ba a kai ba?" Na ce, "Allah shi taimake ka, awon bai kai ya raba wannan ba. Abin da ya shiga bai fi kuskuren da ke cikin aikin ba. In ana son a sani, sai an tona rami a bayan shagon an ga ko akwai tubalin gindi, kuma wannan sai da sanin hukumar kula da kayan tarihi." Aka tsayar cewa kada kowa ya ƙara gini ta bayan shagunan, a rubuta wa hukuma, a jira wucewar damina.

Abokina bai kira ni ba har mako biyu. Tsohuwar takardar mai jan layi kuma har yanzu tana yawo a wayoyi, ta fi tamu saurin tafiya, don layi ɗaya ya fi ɗamara daɗin turawa. Bayan sallar layya na koma in sake duba alamun da muka kafa a kututturen, saboda in an zo tonon da su za a ɗaure sabon awo. Na tarar da shatar amalanke a gindinsa, an kwashe gefen kudu an kai wajen yin tubali. Cikin alamu takwas, biyar na samu.